Bob Monkhouse da finafinan da ba a magana a cikinsu

Ranka ya daɗe Edita,

Ina roƙon a ba ni fili in yi tsokaci a kan Bob Monkhouse, ɗan wasan barkwancin Ingila da aka haifa a 1928, ya rasu a watan Disamba na 2003. Mutanen ƙasarsa sun fi saninsa da gabatar da shirye-shiryen gasa a talabijin, amma abin da ya sa nake ganin girmansa shi ne shirin Mad Movies da ya gabatar a 1966, inda yake nuna tsofaffin finafinan ban dariya na zamanin su Charlie Chaplin da Buster Keaton. Duk wanda ya taɓa kallon irinsu ya san yadda suke: hoto baƙi da fari, babu mai cewa uffan, sai dai a ga 'yan sanda sun bi mutum da gudu suna cin karo da juna, mai kallo kuwa yana ta ƙyaƙyata dariya ko da bai iya Turanci ba.

A lokacin da ya fara shirin, an kusa shekara 40 da shigowar fim mai magana, kuma kamfanoni sun daɗe da yin watsi da na bebaye. Faifan da aka ɗauke su a kai yana saurin kama wuta, in kuma ya daɗe a ajiye sai ya narke ya zama gari. Wani bincike da Ɗakin Karatu na Majalisar Dokokin Amurka ya fitar a 2013 ya nuna cewa kusan kashi 70 cikin 100 na dogayen finafinan Amurka na wancan zamani sun salwanta. Monkhouse kuwa da kuɗinsa yake sayen waɗanda suka tsira yana adanawa a gida.

Abin takaici, wannan ɗabi'a ce ta kai shi gaban kotun Old Bailey ta Landan a 1979, bisa zargin haɗa baki don cutar kamfanonin fim. Kotu ta wanke shi, amma da yawa daga cikin finafinan da aka kwashe daga wurinsa saboda shari'ar ba su dawo hannunsa ba. Bayan rasuwarsa ne aka tarar da dubban kaset-kaset a gidansa, har da shirye-shiryen rediyo da talabijin da ake zaton sun ɓace.

Dalilin rubuto wannan wasiƙa shi ne mu ma muna da namu 'yan wasan, irin su Samanja da Ƙasimu Yero, waɗanda suka yi shekaru suna ba mu dariya a akwatin talabijin. Ina kira ga gidajen talabijin na Kaduna da Kano su buɗe ɗakunan ajiyarsu su kwafe abin da ya saura a kwamfuta, su kuma nemi mutanen da suka naɗi wasannin nan a kaset a gidajensu, su karɓa da godiya, su kwafa, su mayar musu da kayansu.

Naku,
Wani mai karatu daga Zariya