Rigar biki daban, rigar hanya daban

Assalamu alaikum Edita. Ka ara mini ɗan fili in yi magana da matafiya, tunda hunturu ya kankama, bukukuwa kuma sun yi yawa.

Ni mai fataucin goro ne a kasuwar Mariri, Kano. Na haura shekara 20 ina kai da komo tsakanin Kano da Shagamu, kuma har yau ban daina mamakin yadda mutanenmu ke shiga mota da kayan da ya kamata a ce suna ninke a jaka ba.

Watan jiya na yi tafiya da ɗan yayana, zai je ɗaurin auren abokinsa a unguwar Sabo da ke Ibadan. Ya zo tasha cikin farar gezna ta sha sitaci, ga hula zanna, ga sabon takalmi sau-ciki yana ƙyalli. Na ce masa, "Yaro, a motar za a ɗaura auren?" Ya yi dariya. Kafin mu kai Zariya haƙoransa na haɗuwa, don shadda ba ta tare sanyi. Da muka tsaya salla a Mokwa, sai da ya yi kokawa da takalmi da safa kafin ya yi alwala, ƙafar kuma ta kumbura da zama, takalmin ya ƙi komawa, ya taka ƙeyarsa. Muna haye gadar Jebba iska ta sauya, gumi ya karyo, sitacin ya manne masa a baya. Ya sauka a Ibadan da riga kamar an ƙwato ta daga bakin kura, ya shiga neman mai guga.

Ni kam yadin auduga mai laushi nake sawa, ruwan toka, wanda ƙura ba ta tona masa asiri. Wando mai zariya, don bel yana cin ciki idan zama ya yi tsawo. Kuɗina na cikin aljihun 'yar ciki. Ina ɗora rigar sanyi a sama, in tuɓe ta idan mun gangara Kudu. Hula kuwa tashi-ka-fiye-naci, ko barci ya kwashe ni ta faɗi ba asara. A ƙafa silifas, alwala ba ta fi minti biyu.

Iyayenmu mata, a gafarce ni, ku naku ya wuce maganar jin daɗi. Dogon hijabin nan mai jan ƙasa, idan an sauka mota za a hau babur, a tattare shi a kan cinya. Da idona na ga wilin babur ya naɗe hijabin wata baiwar Allah ya fizgo ta ƙasa, Allah ne ya tsare yaron da ke goye. Masu babbar riga ma su naɗe hannun kafin su hau.

Naka, mai fataucin goro daga Mariri, Kano.