Rahoton Ayyukan Shekara: Hanyar Zuwa Aiki da Horar da Ma'aikata

Assalamu alaikum, 'yan'uwa mambobi masu girma.

Kwamitin zartarwa ya ɗora mini nauyin gabatar muku da abin da ƙungiyarmu ta masu kamfanoni a nan Amurka ta yi a shekarar da ta ƙare. A zamanmu na farkon shekara, kusan kowa kukansa ɗaya ne: ga gurbin aiki, babu mai cike shi. Mai sito yana neman masu ɗaga kaya, mai gidan kula da tsofaffi yana neman masu jinya, mai masana'anta yana neman mai walda. Mun ɗauka ƙarancin ƙwararru ne ke damunmu, har muka fara shirin zuba ƙarfinmu kacokan a kan horaswa. Da muka bi diddigin waɗanda aka ɗauka aiki suka bari cikin makonni kaɗan, sai muka tarar da yawansu ba albashi ya kore su ba, ba kuma wahalar aikin ba. Hanya ce ta gagare su. Suna zaune a cikin birni, mu muna garuruwan da ke kewaye da shi, kuma motar da za ta haɗa mu ba ta zuwa a lokacin da ake bukatarta.

Wannan matsala ta girmi ƙungiyarmu. Tun a 1968 masanin tattalin arziki John Kain na Jami'ar Harvard ya nuna, da misalin Chicago da Detroit, yadda ayyuka ke ƙaura zuwa bayan gari suna barin masu neman su a tsakiyar birni. A 1998 gwamnatin tarayyar Amurka ta ware kuɗi na musamman don masu fita daga birni zuwa aiki a kewayensa, wato shirin JARC. A 2012 aka rushe shi a matsayin shiri mai zaman kansa, aka mayar da irin ayyukansa cikin kason da ake ba hukumomin sufuri gaba ɗaya. A aikace, kuɗin bai ɓace ba, amma yanzu sai mun yi gogayya da kowace bukata ta hukumar sufuri kafin a waiwaye mu. Binciken da cibiyar Brookings ta fitar a 2011 kan manyan yankunan birane 100 na Amurka ya gano cewa matsakaicin mazaunin waɗannan yankuna bai iya kaiwa ga fiye da kusan kashi 30 cikin 100 na ayyukan yankinsa ta motar haya ko jirgin ƙasa cikin minti 90. Mu ne muke can ɓangaren da ba a iya kaiwa.

Tattara lokutan shiga da tashi

Aikin da ya fi cin lokacinmu a bana shi ne wanda ba ya ɗaukar ido. Mun roƙi kowane mamba ya ba mu lokutan shiga aiki da na tashi, da unguwannin da ma'aikatansa ke fitowa, ba tare da sunan kowa ba. Wasu sun yi jinkiri, don suna ganin sirrin kasuwanci ne, kuma kwamiti ya fahimci wannan. Sai da muka yi alkawarin cewa ba za a fitar da bayanin kamfani ɗaya shi kaɗai ba kafin suka saki jiki.

Da aka jera bayanan a kan taswira ɗaya, abin ya fito fili. An tsara jiragen ƙasa da motocin bas na yankinmu ne don su kwashi ma'aikatan ofis zuwa cikin birni da safe, su dawo da su da yamma. Namu ma'aikatan kishiyar wannan hanya suke bi, a kishiyar wannan lokaci. Wanda zai karɓi aiki ƙarfe 6 na safe ba ya samun motar farko da za ta kai shi kafin a rufe rajista. Wadda za ta tashi ƙarfe 11 na dare tana fitowa ne bayan motar ƙarshe ta wuce. Ranar Lahadi kuwa wasu layukan ba sa aiki sam, alhali gidajen kula da tsofaffi ba su san hutun Lahadi ba.

Gani ya kori ji, saboda haka 'yan kwamiti muka ajiye motocinmu, muka bi hanyar da ma'aikatanmu ke bi tun da asuba. A nan muka ga abin da takarda ba ta nuna mana ba. Bas tana zuwa iyakar gunduma ta juya, don harajin da ke riƙe da ita a nan ya tsaya. Daga wurin zuwa filin masana'antu tafiyar ƙafa ce a gefen babban titi wanda ba shi da hanyar masu tafiya a ƙasa, ba shi da fitila, kuma a lokacin sanyi nan ake tara dusar ƙanƙarar da aka share daga kwalta. Mun tarar da mata da maza suna bin wannan gefe cikin duhu, manyan motoci na wucewa dab da su. Ni dai tun daga ranar na daina jin haushin ma'aikacin da ya makara kafin in tambayi ta ina ya biyo.

Wani amfani ya fito daga wannan aiki wanda bai ci ko sisi ba. Wasu kamfanoni maƙwabta a titi ɗaya sun ga cewa tazarar da ke tsakanin lokutan shigarsu 'yar kaɗan ce, sai suka yarda suka daidaita. Da haka fasinjojin da dā suke warwatse suka taru a sa'a ɗaya, muka samu hujjar da za mu kai gaban hukuma.

Zama da garuruwa da hukumar sufuri

Kowane gari a yankinmu yana da majalisarsa da kasafinsa, kuma kowanne yana tambayar abu ɗaya: me zai sa mu biya kuɗin motar da mutanen wani wuri za su hau? Tambaya ce ta gaskiya, ba mu raina ta ba. Amsar da muka riƙa bayarwa ita ce, harajin da kamfanonin nan ke biya a garinku yake zama, kuma kamfanin da ya rasa ma'aikata yau, gobe zai fara neman wani wuri.

Mun kuma koyi inda ake yanke shawara. Bisa doka, duk yankin birni mai mutum fiye da 50,000 yana da hukumar tsare-tsaren sufuri ta yanki, tsarin da ya samo asali daga dokar manyan hanyoyi ta 1962. Aikin da bai shiga jadawalinta na shekara huɗu ba, ba ya samun kuɗin tarayya. Shekaru muna kai kukanmu ga magadan gari ɗaya bayan ɗaya, ba mu taɓa zama a wannan zaure ba. Bana mun halarci zamanta a kai a kai, mun gabatar da taswirarmu, an kuma sa ta cikin bayanan zama.

Akwai ƙa'idar da ya kamata kowane mamba ya sani, don ita ce ke bayyana dalilin da ya sa samun sabuwar mota ya fi samun direban dare sauƙi. Tarayya kan ɗauki har kashi 80 cikin 100 na kuɗin sayen mota ko gina tasha, amma a kuɗin gudanarwa na yau da kullum, irin su albashin direba da mai, ba ta wuce kashi 50, kuma manyan hukumomi ba kasafai suke samun ko wannan ba. Ragowar dole ya fito daga gida. A nan ne kuɗin 'yan kasuwa ke da tasiri fiye da girmansa.

Sakamakon wannan zirga-zirga shi ne yarjejeniyar gwaji: ƙaramar bas da ke jiran jirgin safe da na dare a tasha, ta zagaya filin masana'antu, kuɗinta kuma karo-karo ne tsakanin kamfanonin da ke kan layin, da garuruwan da suka amince, da hukumar sufuri. Ba duka aka samu ba. Wani gari ya ƙi shiga, saboda haka mambobinmu da ke can har yanzu motar ba ta kai gare su. Maganar hanyar masu tafiya a ƙasa a gefen babban titin nan ita ma tana nan inda muka same ta, domin titin na jiha ne, gari ba shi da ikon taɓa shi. Wannan shi ne abin da ya fi ci mini rai a duk ayyukan bana, saboda a can ne ran mutum yake cikin haɗari.

Ga wuraren da bas ba za ta taɓa biyan kuɗin kanta ba, mun koma ga motar haɗin gwiwa: ma'aikata 'yan unguwa ɗaya su haɗu, ɗayansu ya tuƙa, a raba kuɗin wata. Ba sabon abu ba ne. Hukumar Pace da ke kewayen Chicago da hukumar Metro ta gundumar King a yankin Seattle sun daɗe suna gudanar da irin wannan. Mun lura mutane na ɗari-ɗarin barin motarsu a gida don tsoron kada a kira su daga makarantar yaro da tsakar rana su rasa abin hawa. Shi ya sa ƙungiya ta ɗauki nauyin tasi ga duk wanda lalura ta kama cikin masu wannan tsari. Ba a cika neman wannan taimako ba, amma sanin cewa yana nan ya sa da dama suka yarda suka shiga.

Muna sake tuna wa mambobi rangwamen haraji da sashe na 132(f) na dokar harajin tarayya ya tanada. Ma'aikaci na iya ware kuɗin tikitin bas, jirgi ko motar haɗin gwiwa daga albashinsa kafin a cire haraji, har dala 315 a wata a 2024, da dala 325 a 2025. Kamfani ma yana samun sauƙin harajin albashi a kan wannan kaso. Domin motar haɗin gwiwa ta cancanta, sai ta kasance mai ɗaukar manya 6 aƙalla ban da direba. Mambobi da yawa, musamman masu ƙananan kamfanoni, ba su buɗe wannan tsari ba tukuna.

Horaswa

Ba mu yi watsi da horaswa ba, sai dai mun sauya yadda muke kallonta. Mun ga waɗanda suka kammala kwas suka karɓi takardar shaida, sannan aka ba su aikin da ba za su iya zuwa ba. Don haka muka kafa sharaɗi a tsakaninmu: duk shirin horaswar da ƙungiya za ta sa hannu a kai, sai an nuna yadda ɗalibin zai je aji, da yadda zai je aiki bayan ya gama.

Mun yi aiki da kwalejin al'umma ta yankinmu a kan walda, tuƙin motar ɗaga kaya da taimakon jinya. Malamai sun ziyarci wasu daga cikin masana'antunku, sun ga injinan da ake amfani da su a zahiri, kuma an gyara wasu darussa bisa abin da suka gani. An mayar da wani aji zuwa ɗakin taron wani mamba, don ma'aikatan da suka tashi daga aikin safe su zauna darasi ba tare da sun sake neman mota ba.

Dokar WIOA ta 2014, wadda ke tafiyar da cibiyoyin neman aiki na gwamnati, ta ba mu dama biyu da ba mu mora yadda ya kamata ba. Ta farko, idan kamfani ya ɗauki wanda ya cancanta ya koya masa aiki a bakin aiki, ana iya mayar masa da rabin albashin lokacin koyon, a wasu halaye har kashi 75 cikin 100. Ta biyu, dokar ta yarda a taimaka wa mai koyo da kuɗin sufuri. Bugu da ƙari, ita ce ta wajabta cewa 'yan kasuwa su kasance mafi rinjaye a hukumar horar da ma'aikata ta yanki, shugabanta ma daga cikinsu zai fito. Kujerun namu ne, amma ƙananan kamfanoni ba kasafai suke neman su ba. Bana mun gabatar da sunayen wasu mambobi don a duba.

Kwamiti ya san cike takardun wannan shiri yana gajiyar da mai ƙaramin kamfani wanda shi ne manaja, shi ne akawu. Ofishinmu ya taimaki waɗanda suka nema, kuma ƙofa a buɗe take.

Kuɗin ƙungiya da abin da ke gaba

Ma'aji zai gabatar da cikakken lissafi a babban taro. A taƙaice, mafi yawan abin da muka kashe ya tafi ne ga kasonmu na motar gwaji, sai inshora, sai tasin lalura. Muna godiya ga mambobin da suka biya kuɗin shekara a kan lokaci, da waɗanda suka ba da ɗakin taro da lokacin ma'aikatansu.

Motar gwaji za ta ɗore ne idan kujerunta suka cika, domin yawan fasinja hukumar sufuri za ta duba kafin ta sabunta yarjejeniya. Muna roƙon kowane mamba da ke kan layin ya manna jadawalinta a wurin da ma'aikata ke sa hannu, ya kuma ambace ta a duk tallar neman ma'aikata. Wanda ya sauya lokacin shiga ko tashi ya sanar da ofis kafin ya fara aiki da shi. Batun titin nan mai duhu shi ne na farko a ajandar babban taro, kuma muna neman mambobin da za su raka kwamiti zuwa ma'aikatar sufuri ta jiha. Mai niyya ya ba da sunansa a ofis kafin ranar taro.

Wassalam.

Sakatare, a madadin Kwamitin Zartarwa