Wasiƙa Zuwa Malesiya: Labarin Frank Williams

Aminina,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa da fatan alheri, ya karatu, ya baƙunta? Mu nan sai godiyar Allah, mutanen gida duk lafiya, Inna tana gaishe ka ƙwarai.

Na ga saƙonka da hotunan da ka ɗauka a gaɓar Malaka. Tun da na gan su wani labari yake ta yi mini yawo a rai, kuma kai ne ya fi dacewa na ba, don a ƙasashen da kake zaune ya faru, ga shi kuma mai labarin ɗan sana'arku ne, mutumin wayoyi da na'urori.

Sunansa Frank Williams, Bature ɗan Ingila. Ƙaramin soja ne a rundunar sojan saman Birtaniya, ba hafsa ba, ba kuma matuƙin jirgi ba. Aikinsa kula da na'urar rada, wadda ke hango jiragen abokan gaba tun suna nesa, kuma a lokacin sabon abu ne da ake ɓoye sirrinsa. Aka tura shi Singafo yana da shekara ashirin da 'yan kai. A watan Disamba na 1941 Japan ta afka wa Malaya, wato yankin Malesiya ta yau da ke hannun Birtaniya a lokacin, ranar 15 ga Fabrairu 1942 Singafo ta miƙa wuya, sojoji kusan 80,000 suka zama fursunoni. Frank yana cikin waɗanda suka fice ta teku gab da faɗuwar birnin. Aka yi wa jirginsu ruwan bama-bamai, ya tsira da kyar, ya isa tsibirin Sumatra da ke Indonesiya ta yau, ya ratsa shi har garin Padang da fatan samun jirgin da zai kwashe su. Jiragen sun riga sun tafi. A watan Maris Japanawa suka shigo garin suka kama su.

Daga nan aka kai su sansanin Gloegoer da ke Medan, can arewacin Sumatra. Ka san Japan ta sa hannu a yarjejeniyar Janeba ta 1929 kan fursunonin yaƙi amma ba ta tabbatar da ita ba, kuma an tarbiyyantar da sojanta a kan cewa wanda ya miƙa wuya ya zubar da mutuncinsa. Don haka duka ba ya bukatar dalili. Abinci ɗan cin hannun shinkafa ne, aiki kuwa daga safe har dare, ga zazzaɓin cizon sauro, ga atuni, ga kumburin ƙafa na rashin abinci mai gina jiki, ga gyambon da ba ya warkewa. Lissafin da aka gabatar a kotun Tokyo bayan yaƙi ya nuna kashi 27 cikin ɗari na fursunonin Turawa da ke hannun Japan sun mutu, alhali a hannun Jamus da Italiya kashi 4 ne.

A wannan sansani akwai wata karya mai suna Judy, irin ta farauta, haihuwar Shanghai a 1936. Ta sojojin ruwan Birtaniya ce, tana zaune a jirgin yaƙinsu mai suna Grasshopper har aka kai masa hari, ta biyo su cikin wahala har kurkuku. A 1942 Frank ya lura da ita tana sunsune-sunsune, haƙarƙarinta duk a waje. Sai ya ɗebi shinkafar da ke hannunsa, wadda shi kansa ba ta ishe shi ba, ya ajiye mata. Kashegari ma haka. Daga nan ta manne masa.

Aminina, a nan ne zuciyata ta tsaya. Na san yadda muke kallon kare a gida, na san hukuncin yawunsa, ba kuma ina cewa mu sauya ba. Amma ka tuna hadisin mutumin da ya sauka rijiya ya ciko takalminsa da ruwa ya shayar da kare mai ƙishirwa, Allah Ya gafarta masa. Kyautar mai ƙoshi daban, ta mai yunwa daban. Wanda yunwa ke cin naman jikinsa ya raba lomarsa da wata halitta da ba ta da abin biyansa, ni dai a wurina wannan ya fi duk wata bajinta ta fagen fama. Kuma ina ganin wannan rabon ne ya raya shi. Fursunoni da yawa ba ciwo kaɗai ya kashe su ba, sun wayi gari ne ba su ga dalilin tashi daga shimfiɗa ba. Shi kuwa yana da wadda in ya mutu za a harbe ta ko a yanka ta a cinye. Shi da bakinsa ya faɗa bayan yaƙi cewa babban abin da ta yi masa shi ne ta ba shi dalilin ci gaba da rayuwa.

Da yake mutum ne mai dabara, ya san masu gadi ba za su bar ta ba, don in suna dukan fursuna takan yi musu gurnani. Da ta haihu sai ya kai wa kwamandan sansanin, Kanar Banno, ɗan kwikwiyo guda kyauta, ya jira har giya ta ɗebe shi, ya roƙe shi ya sa ta a rajista. Haka aka rubuta ta fursunar yaƙi mai lamba 81A. Ya kuma koya mata fito da alamun hannu, ta san lokacin shigewa daji da lokacin fitowa.

A watan Yuni na 1944 aka ce za a kwashe su zuwa Singafo, kuma ba a shiga da kare. Frank ya horar da ita kwanciya shiru cikin buhun shinkafa. Ya saɓa buhun a kafaɗa, aka tsayar da su awanni a rana, ba ta motsa ba. Jirgin tsohon na 'yan Holan ne da Japanawa suka sauya wa suna zuwa Harugiku Maru, kuma babu wata alama a jikinsa da ke nuna fursunoni ne a ciki. Ranar 26 ga Yuni, a mashigin Malaka, jirgin ƙarƙashin teku na Birtaniya mai suna Truculent ya harbe shi. Ka duba wannan ƙaddara: 'yan'uwansu ne suka nutsar da su ba tare da sani ba. Fursunoni kusan 180 suka mutu. Ruwa na shigowa Frank ya tura karyar ta wata 'yar taga, sannan ya nemi tasa hanyar. Waɗanda suka tsira sun ba da labarin sun gan ta tana iyo, mutane na kama jikinta tana jan su zuwa katakan da ke yawo a ruwa. Bayan 'yan kwanaki suka sake haɗuwa a wani sansani a Singafo, shi kuwa ya riga ya fid da rai.

Mafi munin wahalar tana gaba. Aka mayar da su Sumatra shimfiɗa layin dogo daga Pakanbaru zuwa Muaro, kimanin kilomita 220 cikin fadama da ƙungurmin daji. Frank ya kwanta da zazzaɓi, ya rame ƙwarai, amma ya tashi. An kammala layin ranar 15 ga Agusta 1945, ranar da Japan ta sanar da miƙa wuya, kusan ba a mora masa komai ba.

Akwai abin da ba na son ya shige maka. Turawan da suka mutu a wannan aiki ɗaruruwa ne, kuma an san sunayensu. Amma mutanen Jawa da aka kwaso aikin tilas sun mutu dubun-dubata, akasarinsu talakawa Musulmi manoma, kuma da yawansu ko kabari ba a sani ba. Jirgi ɗaya kaɗai, Junyo Maru, da aka nutsar a watan Satumba na 1944 ɗauke da ma'aikatan wannan layi, ya tafi da mutum sama da 5,000. Ba na ganin baiken Frank a kan wannan, shi ma abin tausayi ne. Sai dai yana yi mini ciwo a ce duniya ta san sunan karya ba ta san nasu ba. Kuma abin ya shafe mu. Da Birtaniya ta rasa kuzar Malaya, ƙauyukanmu ta juyo, aka yi ta ɗibar mutane aikin tilas a ma'adinan kuza na Jos daga 1942 zuwa 1944. Kakanninmu kuma da ke runduna ta 81 da ta 82 ta Afirka ta Yamma suna can dazukan Bama suna fafatawa da sojan Japan ɗin nan.

Bayan yaƙi Frank ya ɓoye Judy a jirgin da ya mayar da su Ingila. Ta yi wata shida a killace, a 1946 aka ba ta lambar yabo ta Dickin da ake ba dabbobi. A 1948 ya tafi da ita Tanganyika, Tanzaniya ta yau, aikin babban shirin noman gyaɗa na gwamnatin Birtaniya, wanda daga baya ya rushe. Can ta mutu a watan Fabrairu na 1950, ya gina mata kabari na dutse da hannunsa. Daga baya ya koma Kanada, ya rasu a 2003.

Ga roƙona. In an yi hutu kuma aljihu ya yarda, ka tsallaka Sumatra, ba nisa daga inda kake. A Pakanbaru akwai wurin tunawa da ma'aikatan layin, an ajiye tsohon kan jirgin ƙasa a wurin. Ka ɗauko mini hoto, ka kuma tambayi dattawan garin abin da iyayensu suka gaya musu, don nasu bayanin nake so na ji. In ka je ka yi wa mamatan addu'a.

Ka gaida abokan zamanka. Allah Ya ba da sa'ar karatu, Ya dawo mana da kai lafiya.

Naka,
Amininka