Barka da Sallah daga Kazan

Assalamu alaikum Baba da Umma, barkanku da Sallah, an yi Sallah lafiya? Allah Ya maimaita mana.

Umma na san har yanzu hankalinki bai kwanta ba tunda aka ce Rasha, to wallahi ki saki ranki. Kazan babban birnin jihar Tatarstan ne kuma ƴan ƙabilar Tatar Musulmi ne tun kaka da kakanni, tun shekarar 922 magabatansu na bakin kogin Volga suka karɓi Musulunci. Babbar Sallah su Kurban Bayram suke ce mata, kuma a nan jihar hutu ake bayarwa, ba kamar Mosko ba da ranar aiki ce.

Abin da zai ba ku mamaki shi ne lokacin idi. Yanzu zafinsu ne, dare ba ya wani tsawo, wajen ƙarfe 3 rana ta riga ta fito, kafin ƙarfe 4 mun idar, ku a lokacin ko 2 na dare bai gama yi ba kuna barci abinku. A masallacin Kul Sharif na yi, wanda aka buɗe a 2005 cikin tsohuwar ganuwar gari, ga tsohon coci nan kusa da shi, kowa da addininsa ba mai tsangwamar wani.

Baba wannan naka ne: su Hanafawa ne, kabbara uku ake ƙarawa a kowace raka'a, ta raka'a ta biyu ma sai an gama karatu kafin ruku'u. Wani dattijo mai ƴar ƙaramar hula baƙa da ke gefena da aka sallame ya riƙe hannuna da hannu biyu ya daɗe bai saki ba, yana ta magana da Tataranci, amin kawai nake cewa.

Layya ba a yi a ƙofar gida, wurare aka ware, can za ka je ka biya a yanka maka. Mu ɗalibai mun haɗa kuɗi mun sayi rago ɗaya. Maman wani abokina ta cika mu da echpochmak, wani fanke mai kusurwa uku da nama da dankali a ciki, da chak-chak wanda kamar cincin ne aka kwaɓa da zuma. Suna cin naman doki kuma, shi kam ban taɓa ba. Amma ba yaji ko kaɗan Umma, na yi kewar soyen namanki sosai.

Zancen yaƙi, muna nesa da iyakar Ukraine, sai dai wani lokacin a rufe filin jirgi saboda jirage marasa matuƙa ko intanet ɗin waya ya ɗauke, in kun ji ni shiru shi ne. Visa da Mastercard tun 2022 suka janye daga Rasha shi ya sa goron Sallah ya makara, amma yana tafe ta hannun wani ɗan uwa da zai zo hutu, Yaya zai karɓa.

A gaida Kawu da Gwaggo, a ce wa auta ta turo min hoton hawa. A ci gaba da sa ni a addu'a, jarabawa muke ciki.

Ɗanku