Rahoton Ayyukan Shekara: Abin da Muka Gani a Lakar Jakara da Getsi

'Yan uwa membobi, assalamu alaikum.

Kusan duk ƙarfinmu na bana ya tafi ne kan aikin da babban taro ya ɗora mana, wato auna maganaɗisun lakar Kogin Jakara da ta rafin Getsi, wanda ke ɗauko ruwan masana'antun Bompai ya zuba a Jakara kafin ruwan ya gangara dam ɗin Wasai a Minjibir. Da wannan ruwa ake ban-ruwan latas da alayyafo da kabejin da ke shiga kasuwannin Kano.

Ga waɗanda suka shigo cikinmu kwanan nan: hayaƙin salansa da na janareto, cin birki, tartsatsin 'yan walda da ƙona bola, duk suna barin ɓarɓashin ƙarfe mai suna magnetait. Ruwan sama ya wanke shi zuwa kwata, ya kwanta cikin laka, kuma sau da yawa dalma da tutiya da tagulla na tare da shi. Mukan shanya lakar, mu tankaɗe, mu cika 'yan robobi masu cin mililita 10, mu sa a na'urar auna maganaɗisu mai suna Bartington MS2 da muka aro. Cikin daƙiƙu ta ba da lamba, wadda ke ƙaruwa gwargwadon yawan ƙarfe mai bin maganaɗisu da ke cikin lakar. A ranar horar da ɗalibai mun nannaɗe maganaɗisu a leda muka ja shi cikin busasshiyar laka, ya fito da baƙin gari tamkar kwalli. Daga nan tambayoyi suka ɓarke.

Inda muka fi shan muhawara shi ne fassarar lambobin. Marmara da jar ƙasarmu suna da nasu ƙarfen tun asali, ƙurar hunturu da ke tasowa daga Bodele a Chadi ma tana ƙara nata. Shi ya sa kowace roba ake auna ta sau biyu, a saiti biyu na na'urar (kilohaz 0.47 da 4.7), domin ƙwayoyin da ƙasa ke haifarwa sun fi na hayaƙi ƙanƙanta, kuma bambancin awon biyu kan nuna su.

Kwamiti na roƙon kada kowa ya gaya wa 'yan lambu cewa ƙaramar lamba na nufin ruwa lafiya lau. Dalma kanta ba ta bin maganaɗisu, kuma sinadarin kuromiyom da majemu ke zubarwa yana iya taruwa ba tare da na'urar ta nuna ba. Wanda ya tuna gubar dalma ta Zamfara a 2010, da yaran da aka rasa fiye da 400, ya san nauyin wannan magana. Amfanin awon shi ne ya nuna inda ya fi cancanta a kashe kuɗin gwajin sinadarai.

Kuɗin wannan gwaji ne bai kammala haɗuwa ba. Samfuran na ajiye, kowanne da lambarsa da wurin da aka ɗebo shi. Masu bashin kuɗin wata-wata, don Allah a ga ma'aji kafin damina ta sauka, saboda muna son sake ɗiba a wuraren da muka ɗiba a baya, bayan ruwan farko.

Magatakarda, a madadin kwamitin gudanarwa