Wasiƙa daga Wagadugu

Zuwa ga Yaya Sani, Maradi.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kuna lafiya, kai da Inna da yara. Ni ma lafiya lau, kasuwa kuma sai godiya.

Ka ce Habu ya ƙi zama, kullum yana kallon Kaftin Ibrahim Traoré a waya, yana cewa sai ya biyo ni nan. Ka karanta masa wannan.

Mutumin ya hau mulkin Burkina Faso ne ranar 30 ga Satumba 2022, yana da shekara 34. Ya kifar da soja ɗan'uwansa ne, Laftanar Kanar Damiba, wanda shi ma a Janairun shekarar ya tumɓuke Shugaba Kaboré. Kwana huɗu kafin juyin, an far wa ayarin motocin abinci a Gaskinde, kan hanyar Djibo, aka kashe sojoji 27. Ƙananan hafsoshi suka ce wanda ya zo gyara bai gyara ba, suka ture shi.

Da hawansa ya nemi 'yan sa-kai dubu 50, waɗanda ake kira VDP, sama da dubu 90 suka ba da suna. A Fabrairun 2023 sojojin Faransa suka tattara nasu ya nasu, ya juya wajen Rasha. Ya ce babu sulhu da 'yan ta'adda, sai yaƙi. Kuɗin yaƙin kuwa daga aljihun kowa yake fita: ko katin waya na saya, akwai abin da ake cirewa na asusun kishin ƙasa, ma'aikata ma ana yankar albashinsu. Gaskiya a nan birni ana son shi ƙwarai, matasa har kwana suke a shataletale suna gadin mulkinsa. Ni ma ina jin daɗin yadda yake magana ba tsoro.

Amma Yaya, Wagadugu daban, daji daban. Direbobinmu da ke ɗauko kaya daga Lome tun da aka rufe iyakar Nijar da Benin, su za ka tambaya. Suna jibge a Kaya makonni suna jiran rakiyar soja kafin su kama hanyar Dori zuwa Tera. Idan ka ga shinkafa ta yi tsada a kasuwar Maradi, wannan jiran na ciki. A Barsalogho, Agustan 2024, an fito da mutanen gari su haƙa ramukan kariya, 'yan bindiga suka same su a fili suka kashe sama da ɗari. Waɗanda suka bar gidajensu a ƙasar nan sun haura miliyan 2. Zaɓe kuma an ɗage shi shekara 5 tun 2024.

Irin wannan magana ba a yin ta a bainar jama'a nan, don dokar gangamin yaƙi ta Afrilun 2023 ta sa an kwashi wasu masu suka an kai su fagen daga. Shi ya sa na ba direba takardar nan hannu da hannu.

Don haka Habu ya zauna ya taya ka shago. In ya matsa, ya bari sai na zo da salla mu yi magana, kada ya kuskura ya hau motar kaya. Ku ma ku rage zuwa gonar Madarunfa da yamma, ina jin labarin masu satar mutane ta wajen Gabi.

Na aiko wa Inna jika 30 na magani. A gaishe ta, ta sa ni a addu'a.

Ƙaninka,
Lawali