Godiya ga garejin birki na bakin titin Zariya

Assalamu alaikum.

Wannan takarda ce zuwa ga Alhaji mai garejin gyaran birkin manyan motoci da ke bakin titin Zariya a Kano, shi da yaransa baki ɗaya. Ban kama sunansa ba saboda na san ba ya son a kuranta shi, amma direbobin da ke dakon hatsi daga Dawanau sun san wurin.

Alhaji, duk shekara da zarar Satumba ta kama, jami'an Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa sukan tsananta sintiri har ƙarshen Disamba, ga 'yan VIO masu duba lafiyar motoci su ma suna nasu. A lokacin ne garejinka yake cika, kuma mu masu motoci da yawanmu buƙatarmu ɗaya ce: a lallaɓa mota ta wuce shinge ba a ci tararta ba. Kai kuwa ba ka karɓar irin wannan aikin. Abin da ya sa na ɗauki alƙalami ke nan.

Na sha tsayawa ina kallon yadda kuke yi. Kafin a taɓa sifana, sai an tayar da mota ta tara iska, a kashe inji, direba ya take birki ya riƙe, kai kuma idonka na kan allurar geji ko za ta sauka. In ta motsa, sai ƙaramin yaronka ya shige ƙarƙashi da gorar ruwan omo yana bin tiyo ɗaya bayan ɗaya, har da ja da rawayan nan da ke haɗa kan mota da bodi. Inda kumfa ya taso, nan ɓarakar take. Ranar da ya buɗe tankin iskar motata ƙirar DAF bayan damina, baƙin ruwa ne haɗe da mai ya feso masa har gwiwar hannu. Ka kira direban ka nuna masa, ka ce man nan daga kwamfireso mai hura iska cikin tankin yake, ruwan kuma aikinsa ne ya riƙa zubarwa kullum kafin ya tashi.

Amma babban abin da ya ɗaure ni da ku shi ne maganar bosta, wato tukunyar iskar da ke danna birkin ƙafar mota. Ta ƙafar baya ta fara yoyon iska, ga kaya an riga an ɗora, mai kaya yana ta waya. Direbana ya roƙa a ɗaure tiyon ƙafar kawai, kamar yadda ake yi a wurare da yawa, tunda daga waje ba kowa zai lura ba. Ka ƙi. Ka tambaye shi hanyar da zai bi, ya ce ta Jos zuwa Akwanga. Sai ka ce masa motar da ta ɗauko wannan nauyin, in ta doshi gangaren Hawan Kibo da ƙafa ɗaya a kashe, sauran ƙafafun ne za su ɗauki aikinta, duram ya yi zafi, fatar birki ta ƙone, ya taka ya ji wayam. Motar ta kwana a wurinku, mai kaya ya yi fushi, ya kuma huce. Da aka kwance tayar ma sai ga fatar ta jiƙe sharkaf da man da ke yoyo daga cikin hob, wato cibiyar tayar.

Ba ku da araha, wannan kowa ya sani. Sai dai duk kayan da kuka cire kuna tara wa mai mota su a buhu ya gani da idonsa, kuma ban taɓa biyan kuɗin sabo aka sa mini gwanjo ba. Tun da na koma wurinku, direbobina sun daina faɗuwar gaba in an ɗaga musu hannu a hanya.

Roƙona ɗaya, a taimaka a kafa rumfa, domin ranar Kano tana gasa masu jira.

Allah Ya sa wa garejin albarka, Ya raya yaran nan har su buɗe nasu. Sauran motocin za su shigo mako mai zuwa, in sha Allahu.

Naku,
Wani mai motocin dako daga Dawanau